Ɗana ya kamu da wasan ces: yana ƙara basira kuwa, kuma ta ina zai gyara wasansa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Ɗana mai shekara 12 ya koyo wasan ces a wajen abokansa na makaranta, yanzu da ya samu wayar mahaifiyarsa sai bugawa. Ana ce mini wasan yana buɗe ƙwaƙwalwa, har ya taimaki yaro a lissafi. Gaskiya ne, ko dai zuzutawa ce? Sannan na lura an fi cinye shi, sai ya tashi yana huci. Ni dara na sani, wannan ban san kansa ba. Ta ina zan taimaka masa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka. Tambaya biyu ka haɗa: ko ces yana da amfanin da ake yayatawa, da kuma yadda ɗan koyo zai rage shan kashi. Na daɗe ina koyar da yara wannan wasa a nan Kano, ranar Asabar a makaranta, lokacin hutu kuma a zaure, kuma a ganina amsar biyun guda ce. Ɗabi'ar da ke gyara wasan yaro, wato ya tsaya ya duba kafin ya kai hannu, ita ce ribar da zai tashi da ita daga gaban allon.

Tunda dara ka sani, ba baƙo ba ne kai a wannan fage. A dara gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, duk darajarsu ɗaya, kana neman jera uku ka ci. A ces gida 64 ne, kowa da 'ya'ya 16, amma iri shida ne, kowane da irin tafiyarsa: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, bishof biyu, doki biyu, da sojoji takwas. Ba cinye 'ya'yan abokin karawa ne manufa ba, a tsare sarkinsa ne har ya rasa mafita. Wasan ya samo asali a Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauke shi da sunan shaɗaranji suka kai shi Andalus. A ƙarshen ƙarni na 15 ne aka ba sarauniya ƙarfin da take da shi yau. Ko a ƙasar nan ba Turawa ne suka fara kawo shi ba, domin sun tarar da wani tsohon nau'insa a Borno, ana ce masa tsatsarandi.

Maganar basira da lissafi

A nan zan ɗan rage maka buri. An gwada wannan magana gwaji na gaske. A Ingila an ɗauki makarantun firamare 100, yara kusan 4,000, aka koyar da rabinsu ces a aji, aka bar sauran. Da sakamakon ya fito a 2016, ba a ga bambanci a jarrabawar lissafinsu ba. Akwai ƙananan bincike da suka nuna ɗan ƙari, amma yawancinsu sun kwatanta yaran da aka koya wa ces ne da yaran da ba a ba su komai ba, ka ga ba za a rarrabe ko wasan ne ya yi aiki ko kulawar da suka samu ba. Ƙasar Armeniya ta mayar da ces darasi na dole a firamare tun 2011, to amma wannan zaɓinsu ne na al'ada, ba hujja ba ce cewa yana ƙara maki.

Wani tsohon gwaji ya fi wannan koyar da mu. A 1973 wasu masana biyu a Amurka, William Chase da Herbert Simon, suna nuna wa mutum allo na daƙiƙa biyar, sai su rufe, su ce ya sake jera 'ya'yan yadda ya gani. Idan jerin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yakan mayar da mafi yawansu daidai, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan. Da aka watsa 'ya'yan barkatai ba ma'ana, sai fifikon gwanin ya kusan ɓacewa. Ashe ba ƙwaƙwalwarsa ce ta fi ta kowa riƙo ba, siffofin wasa ne ya gani sau dubbai har idonsa ya san su. Darasi biyu ke nan. Na farko, ƙwarewa a ces ba ta tsallakawa kai tsaye zuwa lissafi; wanda ke son lissafi sai ya zauna da littafin lissafi. Na biyu, ƙwarewar nan koyonta ake yi, ba haihuwar mutum ake yi da ita ba, kuma wannan albishir ne ga ɗanka.

To mene ne ribar? Abin da nake gani da idona shi ne hali. A ces babu sa'a, babu kati a ɓoye, babu alƙalin wasa ko mai tsaron gida da za a ɗora wa laifi. Komai a fili yake, kai ka taka, kai ka faɗi. Yaron da ya saba cewa "ai cuta ta aka yi" yakan yi 'yan watanni kafin bakinsa ya iya furta "ban ga dokin nan ba", kuma ranar da ya faɗi haka ba a tilasta masa ba, ni a wajena an samu abin da ake nema. Sai kuma tambayar da wasan ke cusa wa mutum dole: wancan me yake nufi da wannan takun? Yara da yawa, har da manya, nasu shirin kawai suke gani. Ces yana hukunta wannan nan take. Akwai kuma iya zama wuri guda na minti arba'in ana tunani a kan abu ɗaya, a zamanin da yatsa ya saba shafa waya kowace daƙiƙa goma. Ba zan ce maka kowane yaro yana ɗaukar waɗannan halaye ya kai su aji ko gida ba. Wasu suna kaiwa, musamman idan akwai babba a kusa da ke tuna musu.

Idan kana da 'ya'ya mata, kada a bar su a baya. Judit Polgar ta ƙasar Hungari ta kai matsayin giranmasta, wato ƙololuwar muƙamin wasan, a 1991 tana da shekara 15, kuma a 2002 ta doke Garry Kasparov, tsohon zakaran ces na duniya. A ajina 'yan mata sukan riga maza daina garaje. Ka kuma ji labarin Tunde Onakoya, wanda ya fara koyar da yaran unguwannin talakawa a Legas a 2018, ya kuma yi awa 60 yana bugawa a birnin New York a 2024 don tara kuɗin karatun yara. Wasan yana buɗe ƙofofi, amma kada a yi wa yaro lissafin cin abinci da shi. Waɗanda ke rayuwa da gasa kaɗai a duniya ba su da yawa.

Akwai maganar da na san za a yi maka a majalisa, gara in riga su. Wanda ya karanta Risala ya san an ambaci shaɗaranji a cikin abin da bai halatta a yi wasa da shi ba, kuma malaman Malikiyya sun tsananta a kansa, yayin da Shafi'iyya suka sassauta bisa sharuɗɗa. Ni mai koyar da wasa ne, fatawa ba tawa ba ce, ka kai wa malaminka. Abin da babu saɓani a kansa shi ne caca, da barin salla ta wuce, da zage-zage. A wajena ana kiran salla ake tsayar da agogo, ko da sarauniyar wani na bakin halaka.

Abin da ya sa ake cinye shi

Ban ga wasanninsa ba, amma da ka ce waya, ka ce huci, na kusa rantsewa wasan minti uku ko minti ɗaya yake bugawa. Wannan shi ne ciwo na farko. Wasan sauri na wanda idonsa ya riga ya san siffofi ne. Ɗan koyo idan ya shige shi, kuskurensa kawai yake maimaitawa da gudu, ya buga ashirin a zama ɗaya bai tuna ko guda ba. A mayar da shi wasan minti 15 kowane ɓangare, mai ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. Biyu a rana sun isa.

Ciwo na biyu shi ne kyauta. A matakinsa ba dabara mai zurfi ke kayar da mutum ba. Ajiye doki ake yi a gidan da soja zai ci shi a banza, ko a manta an bar hasumiya ba mai gadi. Yaro yana can yana ƙulla yadda zai kashe sarki nan da taku shida, alhali ana kwashe masa kaya, kamar ɗan kasuwar Kwari da ke lissafin ribar shekara ya kuma tafi gida ya bar shago a buɗe. Sai ya fara sanin kimar kayansa: soja 1, doki 3, bishof 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Wanda ya ba da hasumiya ya karɓi doki ya yi asarar 2, ko da cin ya yi masa daɗi.

Maganin da nake ba yara tsoho ne, kuma ba ya da armashi. Hannu a ƙarƙashin cinya. Idan abokin karawa ya taka, kafin ka tuna naka shirin, ka tambayi kanka me wannan takun yake hari. Idan ka zaɓi naka, kafin ka taɓa, ka duba gidan da za ka sauka: wa zai iya ci na a nan? Sannan ka duba gidan da za ka bari: wa nake gadi da zai zama maraya idan na tashi? Wannan na ƙarshen shi yara suka fi mantawa. Wanda ya riƙe tambayoyin nan uku na wata biyu zai wuce yawancin abokansa ba tare da ya haddace komai ba.

Bari in nuna maka misali, ka sa shi ya jera maka a allo. Layukan tsaye ana kiransu a zuwa h, na kwance 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da suna. Fari ya tura sojan gaban sarki zuwa e4, baƙi ya amsa da e5. Fari ya fito da bishof c4, baƙi ya fito da doki c6. Sai fari ya cilla sarauniya h5. Ɗan koyo yana ganin sarauniya ta matso sai ya ce bari in kore ta, ya kawo ɗaya dokin f6. Shi ke nan, sarauniya ta ci sojan f7, wasa ya ƙare a taku huɗu, domin bishof yana mara mata baya, kuma f7 ba mai gadinsa sai sarki kaɗai. Da ya tambayi kansa me take hari, da ya ga ita da bishof gida ɗaya suke kallo. Amsar ita ce ya tura soja g6 ya tare mata hanya. Ba za ta iya cin sojan e5 ba, dokin c6 na gadinsa. Idan ta koma f3 ta sake leƙen f7, a lokacin ne doki zai zo f6 ya toshe. Yanzu baƙi ya fito da dawakai biyu, fari kuwa ya ɓata lokaci yana yawo da sarauniya. Ina da tabbacin an yi wa ɗanka wannan, kuma wataƙila shi ma yana yi wa wasu. Ka hana shi. Tarko ne da ke kama sabon shiga kawai, kuma yana koya wa mai yin sa lalaci.

Abin da zai riƙa yi kullum

Tunda siffofi ne jarin gwani, sai a tara su. Hanyar ita ce warware matsalolin allo: a ba ka jeri, a ce nemo takun da ke ci. Manhajar wasan ces ta Lichess kyauta ce gaba ɗaya, ba talla a cikinta, kuma tana da irin waɗannan matsaloli birjik, Chess.com ma tana da su, sai dai ta iyakance na kyauta. Minti 15 zuwa 20 a rana ya wadatar, da sharaɗin ba zai taɓa ba sai ya gama lissafin a ka. Cankar amsa ba motsa ƙwaƙwalwa ba ne.

Siffofi uku zai fara da su. Hari biyu a taku ɗaya, wanda doki ya fi kowa iyawa: doki ya sauka c7, ya yi wa sarkin da ke e8 barazana, a lokaci guda yana kallon hasumiyar a8, dole sarki ya matsa, hasumiya ta tafi. Sai ɗaurewa, inda ɗa ba zai iya motsi ba saboda sarki ko sarauniya na bayansa a layi ɗaya. Sai kisan layin baya, inda sarki ke zaune a g1, sojojinsa uku na gabansa ba wanda ya motsa, hasumiyar abokin gaba ta sauko layin farko, sojojin da ke kare shi su zama su ne suka toshe masa hanyar gudu. Yaron da ya ga kowace ɗaya sau ɗari zai fara hango su tun kafin su iso.

Daga nan sai ƙarshen wasa, wanda yara ke gudu saboda ba ya da kwalliya. Ni kuwa da shi nake farawa. Ya iya kashe sarki da hasumiya biyu, sannan da sarauniya da sarki, sannan da hasumiya ɗaya da sarki, har ya zama ko an tashe shi daga barci zai yi. Dalili shi ne akwai doka mai ba 'yan koyo haushi: idan sarki ba a yi masa barazana ba, amma ba shi da gidan zuwa, kuma ba wani ɗa da zai motsa, an yi kunnen doki. Ka ɗauka sarkin baƙi shi kaɗai ya rage yana lungun h8, fari ya kawo sarauniya g6 yana murmushi. Ba kisa ba ne, canjaras ne, wasan da aka ci an mayar da rabi. Bayan wannan ya koyi sarki da soja ɗaya a kan sarki, ya san lokacin da sojan zai kai ƙarshen allo ya zama sarauniya da lokacin da ba zai kai ba. A ƙarshen wasa sarki ba ɓuya yake yi ba, fitowa yake ya yi aiki, kuma wannan yakan ba yara mamaki.

Buɗe wasa kuwa, inda bidiyoyin YouTube suka fi yawa, shi ne abin da ya fi ƙarancin buƙata yanzu. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ya kama tsakiya da soja, ya fito da dawakai da bishof kowanne taku ɗaya, ya ɓoye sarki da wuri ta takun nan na musamman da sarki ke matsawa gida biyu hasumiya ta tsallako gefensa, ya bar sarauniya a gida tukuna. Dalilin tsakiya a bayyane yake: doki a tsakiyar allo gida takwas yake iya zuwa, a lungu biyu kacal. Idan shi ne fari, ya riƙe e4, doki f3, bishof c4, ya yi shekara a kai. Ba abin kunya ba ne, manyan duniya suna buga shi har yau.

Abin da ya fi duk waɗannan, kuma ya fi ɗaci, shi ne komawa kan wasan da aka cinye shi. A saya masa littafin rubutu na musamman. Bayan kowane wasa ya nemo takun da abin ya lalace, ya rubuta layi ɗaya da hannunsa: na bar bishof ba gadi, ko ban duba layin baya ba. Sai bayan ya yi nasa ƙoƙarin zai buɗe na'ura ta nuna masa. Tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997 abin ya yi nisa, yau manhajar Stockfish da ke cikin waya ta fi kowane ɗan Adam. Amfaninta a bayan wasa ne. Wanda ya leƙa ta ana tsakiyar wasa ya yi sata, ana kuma rufe asusun masu yin haka. Ka faɗa masa wannan tun bai ji daga abokai ba. Bayan wata guda ku karanta littafin tare. Za ka ga kuskure biyu ko uku ne ke ta dawowa, su ne darasinsa na wata mai zuwa.

Naka aikin

Ka fitar da wasan daga waya zuwa tabarma. Ana samun allo a shagunan kayan wasanni na Sabon Gari, na leda mai naɗewa ya fi arha ya kuma fi jure yara. Wajen shimfiɗawa, farin gida ne ke zama a lungun hannun dama, sarauniya kuma tana tsayawa a gida mai launinta. Sannan ka ce ya koya maka. Da gaske nake. Mai dara ya riga ya san jira da haƙa rami, tafiyar 'ya'yan kawai za ka koya, kuma yaron da ke bayyana wa mahaifinsa dalilin taku ya fi wanda ke kallon bidiyo fahimta. Zai cinye ka da farko. Yadda ka karɓi wannan a gabansa, ka miƙa masa hannu ka ce a sake jerawa, zai yi wa hucin nan magani fiye da nasiha.

Ka sa masa doka: in an cinye shi sau biyu a jere, a rufe sai gobe. Wasa na uku cikin fushi ramuwa ce, kuma a nan ake zubar da maki, wato lambar da ke auna ƙarfin ɗan wasa. Makin ma kada ya zama abin dubawa kowace safiya. Tsarin na wani masani ne, Arpad Elo, hukumar ces ta duniya FIDE ta karɓe shi a 1970, kuma mafi yawan da aka taɓa kaiwa shi ne 2882 na Magnus Carlsen ɗan Norwe a 2014. Na intanet dabam yake da wannan, kowane dandali da ma'auninsa, yana hawa yana sauka kullum. A duba shi wata uku-uku. Idan ka tambaye shi bayan wasa, kada ka ce ka ci ko an ci ka, ka ce a ina wasan ya juya.

Ya kuma samu abokan karawa na ido da ido, waɗanda suka ɗan fi shi kaɗan. Wanda ya fi shi nesa zai karya masa gwiwa, wanda yake cinyewa kullum ba zai ƙara masa komai ba. Ɗaliban jami'a suna bugawa, domin ces na cikin wasannin gasar jami'o'in Nijeriya ta NUGA, don haka idan akwai ɗan unguwa mai hankali da ke Jami'ar Bayero, a tambaye shi. Ka kuma yi wa shugaban makarantarsu maganar kafa ƙungiya. Allo huɗu da malami ɗaya mai sha'awa sun isa a fara. Tun a gida a saba masa da dokar gasa: ɗan da ka taɓa shi za ka taka, in ka saki ba komawa, kuma kowane taku ana rubuta shi.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan. Yara sun bambanta, wani garaje ne ciwonsa, wani tsoro ne, ya ƙi kai hari ko an buɗe masa ƙofa, kuma maganin biyun ba ɗaya ba ne. Idan ya rubuta wasanni biyar na minti 15 da aka cinye shi, taku bayan taku, ka aiko mini da su, zan gaya maka wanne ne nasa.